Sanƙarau: ina labarin ruwan da aka ɗiba?

Kowace shekara, da zaran ɗari ya fara ja da baya, iska ta bushe, ƙura ta turnuƙe sararin sama, iyaye a ƙasar Mayahi da ta Tasawa sukan shiga zullumi guda, wato na sanƙarau, kuma hankalinsu ba ya kwantawa sai ruwan farko ya sauka. A ƙauyukan kumin ɗin Issawane, kamar yadda yake a sauran karkarar jahar Maraɗi, idan yaro ya kwana da zazzaɓi mai zafi, kai na sara, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, akan ɗora shi bisa amalanke ko kabu-kabu a nufi likita. A can, idan akwai kayan aiki kuma akwai wanda ya iya, sai a sa yaron ya duƙa, a soka allura a ƙasan gadon bayansa, a tsiyayi ɗan ruwa cikin kwalba. Majo ya ɗaga kwalbar ya duba ta ga haske. Idan ruwan garau yake kamar na famfo, to da sauƙi, sai a nemi ciwon a wani wuri. Idan kuwa ya gurɓace ya yi kalar ƙasari, ba a jiran kowa, nan take ake fara allurar magani.

Aikin kwalbar bai ƙare nan ba. Bisa tsarin sa ido kan annoba, ana liƙa mata takarda mai ɗauke da shekarun yaron da sunan ƙauyensu, a aika da ita gunduma, daga nan jaha, daga nan ta kama hanyar Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 700, har ta isa cibiyar binciken lafiya ta CERMES. A wannan cibiya, tun shekarar 2002, ake amfani da na'urar da ke gano irin ƙwayar cutar ko da ta mutu a hanya saboda zafi. Kwalabe dubbai sun bi wannan hanya daga sassan Nijar duka. Daga cikinsu aka fitar da lissafi, daga lissafin aka rubuta ƙasidu, aka buga su a London da Paris da Amurka. Tambayar da wannan fili zai yi yau ita ce: wa ke iya karanta waɗannan ƙasidu, kuma ta wace hanya labarinsu zai koma wurin da aka ɗebo ruwan?

Kafin mu shiga zancen takardu, ya kamata mu san ruwan kansa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba a kan ƙashi take zaune ba, tana yawo ne cikin wani ruwa wanda ya kewaye ta, ya cika wasu kogunan da ke tsakiyarta, ya gangara cikin ƙashin baya yana lulluɓe da laka. A jikin babban mutum yawansa bai wuce mililita 150 ba, wato ƙasa da rabin ƙaramar kwalbar lemu, amma jiki na sarrafa kimanin rabin lita a kowace rana, yana zubar da tsohon cikin jini, ta yadda ake sabunta shi sau uku ko huɗu tsakanin safiya da safiya. Shi ne matashin da ke kare ƙwaƙwalwa daga buguwa, shi ne kuma ke kwashe dattinta. Idan hanyarsa ta toshe a jikin jariri, sai ya taru, kai ya yi ta girma, abin da muke gani ga wasu yara, sau da yawa bayan sun tsira daga sanƙarau ko wata cutar jarirai. Wani lokotoro Bajamushe, Heinrich Quincke, shi ya fito da dabarar ɗibar ruwan ta baya a 1891, shekara huɗu bayan da Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar sanƙarau a birnin Viyana.

Sai kuma shinge. 'Yan kasuwar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya za su fi kowa fahimtar wannan. A sauran sassan jiki, ƙananan jijiyoyin jini suna da kafofi, kaya na fita suna shiga ba tare da wata tambaya mai yawa ba. A ƙwaƙwalwa kuwa, bangon jijiyoyin a ɗinke yake tsaf, babu wurin ratse, komai sai ya bi ta ƙofa. Iskar da muke shaƙa tana wucewa kai tsaye, sukari yana da masu yi masa rakiya na musamman, amma mafi yawan abin da ke cikin jini, har da magunguna masu yawa, ana mayar da su baya. Paul Ehrlich ne ya fara lura da haka a 1885, lokacin da ya zuba wa dabba rini cikin jini, ya ga gaɓoɓinta sun rine amma ƙwaƙwalwa ta tsaya fara. Ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913, ya zuba rinin cikin ruwan laka, sai ƙwaƙwalwa ta rine, sauran jiki bai rine ba. Wata masaniya, Lina Stern, wadda ta yi aiki a Janeba, ita ta yaɗa sunan da lakwal-lakwal ɗinmu na likitanci ke koyarwa da Faransanci, wato shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Sai a 1967 aka iya ganin ɗinkin da ido, da taimakon madubi mai aiki da lantarki.

Ƙwayar sanƙarau 'yar fasa-ƙwauri ce. Takan zauna cikin maƙogwaron mutane masu yawa ba tare da ta cuce su ba, amma lokacin da busasshiyar iska da ƙura suka raunana fatar hanci da maƙogwaro, takan samu shiga jini, ta manne wa bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wasu 'yan zarurruka nata, ta sassauta ɗinkin, ta ƙetare. Da zaran ta faɗa cikin ruwan, ta samu gari ba sarki, domin dakarun jiki kaɗan ne a wurin. Nan take hayayyafa, tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa ya kumbura, wuya ya sanƙare. Saboda haka ba kowane magani ke amfani ba, sai wanda ya iya ƙetare shingen ya cim mata. Shekaru da dama allurar mai ta kuloramfenikol aka dogara da ita lokacin annoba. A 2003 aka yi gwaji a gidajen likita 9 na Nijar, kan marasa lafiya kimanin 500, aka tabbatar da cewa allura guda ta seftiriyakson tana yin aikin da waccan ke yi. Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet ta London a 2005, da Ingilishi. Ke nan abin da masana ke rubutawa kan wannan ruwa da wannan shinge ba hirar masu ƙoshi ba ce, shi ke yanke irin allurar da za a yi wa yaro a Issawane. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, ɗaya na fita da tabo na har abada, kurunta ko farfaɗiya ko raunin tunani.

To, yaya kasuwar waɗannan ƙasidu take? Sai 'yan kasuwa su gyara zama, domin irin wannan ciniki ba a yin shi a kasuwar Tasawa. Masani ya yi bincike da kuɗin gwamnati ko na masu ba da agaji. Ya rubuta sakamakonsa ya miƙa wa mujalla, ba ta biya shi ko tamma. Mujalla ta aika wa wasu masana biyu ko uku su tace aikin, su ma ba a biyan su. Sannan kamfanin da ya mallaki mujallar ya juyo ya sayar wa jami'o'i da asibitoci, har da jami'ar shi wanda ya rubuta. Kaya kyauta, leburori kyauta, mai saye kuma ba shi da zaɓi, tun da ƙasidar da yake nema ba ta da madadi a wata rumfa. Ba mamaki ribar babban kamfanin wannan sana'a, Elsevier, take haura kashi 30 cikin 100 shekara da shekaru. Mun saba kukan cewa gujiyarmu kan tafi ɗanya ta dawo mai cikin gwangwani, fatar jar akuyar Maraɗi ta tafi ta dawo takalmin da ya fi ƙarfin makiyayi. Amma aƙalla manomi da makiyayi an biya su wani abu. Uwar da ta riƙe ɗanta aka soka masa allura ba ta karɓi komai ba, ba ta kuma nemi komai ba illa a gane ciwon.

Manyan ma'aikatanmu sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. A dare ɗaya kuɗin duk wata mujalla da ake yo oda daga Faransa ya ninka, a daidai lokacin da albashi kansa ke jinkiri wata da watanni, sai ɗakunan karatu suka koma ma'ajiyar tsofaffin takardu. Shekara guda bayan haka, a 1995, Nijar ta faɗa cikin ɗaya daga cikin munanan annobar sanƙarau da ta taɓa gani, a 1996 kuma abin ya game yankin, inda aka lissafa mutum fiye da 250,000 da suka kamu a Afirka tsakanin 1996 da 1997, kimanin 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. Zuwan intanet bai kawar da kuɗin ba, ya dai sauya wurin karɓarsa. Har gobe, a mujallu masu yawa, mai karatu yakan ga kan magana da taƙaitaccen bayani, idan ya nemi sauran sai a ce ya biya dalar Amurka 30 ko 40, kimanin jika 20 ke nan, kusan rabin albashi mafi ƙaranci da doka ta tsayar a ƙasar nan, a kan shafi takwas ko goma. Ko da yana da kuɗin, sai da katin banki irin wanda majon ƙauye bai taɓa riƙewa ba.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi Laberiya. A watan Afrilu na 2015, bayan cutar Ebola ta yi ɓarnarta, babbar jami'ar lafiya ta ƙasar, Bernice Dahn, da abokan aikinta biyu suka rubuta a jaridar New York Times cewa sun gano wata ƙasida ta 1982, wadda masana daga Turai suka buga bayan sun auna jinin 'yan Laberiya, inda suka yi gargaɗin cewa ƙasar na cikin yankin da cutar ke iya ɓulla. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya cikin marubutan, kuma sauko da ƙasidar guda yana cin dalar Amurka 45. Jinin nasu ne, gargaɗin dominsu aka yi shi, amma ya shekara 32 bai iso su ba. Akwai ma rufin da ya fi na kuɗi muni, kuma a ƙasar Hausa aka yi shi, cikin annobar 1996 ɗin nan, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Sai a shekarar 2000 wata jaridar Amurka ta fallasa lamarin ga duniya, rahoton kwamitin da gwamnatin Nijeriya ta naɗa kuma ya zauna cikin akwati har 2006. An kai ga sulhu da jihar Kano a 2009. Illar wannan ɓoye-ɓoye ta daɗe tana bin duk mai ɗauke da allurar rigakafi a arewacin Nijeriya, har ma da wannan gefe na iyaka.

Irin wannan ƙorafi ne ya sa wasu masana suka yi taro a birnin Budafes, suka fitar da sanarwa a watan Fabrairu na 2002, suna kira da a buɗe ƙofa: duk binciken da aka tace, a sa shi a intanet, kowa ya karanta, ya kwafa, ya rarraba, ba tare da biya ba. A farkon wannan shekarar OMS ta buɗe shirin Hinari, wanda ke bai wa jami'o'i da manyan asibitoci da ma'aikatun ƙasashe matalauta, har da Nijar, damar shiga dubban mujallu kyauta. Shiri ne mai amfani, sai dai mabuɗin na ma'aikata ne, wadda ta yi rajista ita ke da shi, kuma masu mujallun ne ke da ikon janye kayansu idan sun ga dama. Sabbin gidajen ɗab'i irin su BioMed Central da PLOS suka fito da mujallun da tun asali a buɗe suke. Cikinsu akwai wadda aka kafa a 2004 musamman don binciken wannan ruwa da muke magana, aka faɗaɗa ta a 2011 aka sa mata suna Fluids and Barriers of the CNS, wato ruwaye da shingayen ƙwaƙwalwa da laka. Ɗalibin likitanci a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi yana iya karanta duk abin da ta buga a kan talho ɗinsa, daidai da ɗalibin Paris, abin da malamansa ba su yi mafarkinsa ba lokacin da suke aji.

Nijar ta ci moriyar wannan buɗi, kuma ga misalai biyu. A 2006 masanan CERMES da na cibiyar Pasteur ta Paris suka buga a PLoS Medicine bayanin wani ɗan tsinken gwaji da suka ƙera, wanda ake tsomawa cikin ruwan da aka ɗiba, cikin 'yan mintoci ya nuna ko ƙwayar irin A ce, ko C, ko W, ko Y. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin rigakafin wani iri ba ya kare mutum daga wani. Misali na biyu a jaharmu aka yi shi. A bazarar 2017, cikin annoba, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, wadda ke da reshe a Maraɗi, tare da ma'aikatar lafiya, ta yi gwaji a ƙauyuka 49 na gundumar Madarunfa. Aka kasa su uku. A kashi na farko aka bi tsarin da aka saba. A na biyu, duk gidan da aka samu mai ciwo sai a bai wa mutanen gidan ƙwaya guda ta sifurofulokasasin. A na uku kuwa, da zaran an samu mutum na farko sai a bai wa ƙauyen baki ɗaya. Sakamakon ya fito a 2018: rabon gida-gida bai nuna wani bambanci a fili ba, amma inda aka bai wa gari duka, kamuwa da cutar ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100.

Na daɗe a kan wannan misali saboda abin da ke biye. Wanda ya tsaya ga kan magana zai tashi da cewa an samu ƙwayar da ke hana sanƙarau, gobe mai teburin magani a kasuwa ya fara kirari da ita. Wanda ya karanta ƙasidar duka zai tarar da cewa masanan sun auna bayan-gidan wasu daga cikin mutanen ƙauyukan, suka iske fiye da kashi 90 cikin 100 suna ɗauke da ƙwayoyin hanji da wannan magani ba ya ci, tun kafin a raba shi. Wato shan magani barkatai ya riga ya dushe kaifin makamin a wani fagen, kuma rabon jama'a abu ne da hukumar lafiya kaɗai ke iya yanke shawararsa, cikin annoba, sau guda, da sa ido. Wannan rabin labarin, wanda shi ne ya fi shafar ɗan kasuwa da mai saye, yana can cikin shafukan da a tsohon tsari sai an biya jika 20 kafin a gani.

Sai dai kada mu yi saurin guɗa. Kamfanonin ba su yafe kuɗinsu ba, sun ɗauke shingen daga gaban mai karatu sun dasa shi gaban marubuci. A mafi yawan manyan mujallun da ke buɗe, wanda ya yi binciken shi ke biya kafin a buga, sau da yawa dalar Amurka dubu biyu ko uku ko fiye. Mujallar Nature, da ta fara wannan tsari a 2021, ta yanka yuro 9,500, fiye da miliyon 6 na sefa a kan ƙasida guda. Gaskiya ne gidajen ɗab'i da dama, har da mai mujallar ruwan ƙwaƙwalwa da na ambata, suna yafe wa marubutan ƙasashe mafiya talauci, kuma Nijar na cikin jerin. Amma yafiya sai an roƙa, ba kowane matashin lokotoro ya san ana roƙonta ba, kuma tana bin ƙasar wanda aka sa a matsayin jagoran marubuta. Inda kuɗi daga waje yake, yawanci sunan na waje ke gaba, namu na tsakiya, wanda ya riƙe allurar kuma ko a godiya ba ya fitowa. Malaman jami'o'inmu, waɗanda ƙarin girmansu a tsarin CAMES ya rataya ga yawan abin da suka buga, su ne kuma abincin mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin sati guda ba tare da tacewa ba. Hanyar da ta fi dacewa da aljihunmu ita ce mujallun da jami'o'i da ƙungiyoyin masana ke ɗaukar nauyinsu, da rumbuna irin AJOL da ke tara mujallun Afirka tun 1998, da irin Pan African Medical Journal da ke karɓar rubutu da Faransanci.

Akwai kuma darasin 2015, wanda ni a ganina shi ne mafi ɗaci. Bayan rigakafin MenAfriVac, wanda aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a Nijar cikin 2010 da 2011, irin A da ya addabi kakanninmu ya kusan ɓacewa, jama'a suka ɗauka an gama. A 2013 da 2014 wani sabon irin C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi, a bakin iyakarmu. Likitocin MSF da takwarorinsu na Nijeriya suka rubuta bayaninsa, aka buga a ƙarshen 2014 a wata mujallar PLOS da ke buɗe ga kowa. 'Yan watanni bayan haka ya shigo Doso da Yamai, mutum fiye da 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, aka rufe lakwal-lakwal na babban birni, iyaye suka yi ta layi a farmasi suna neman allurar da babu isasshiya a duniya ma. Wannan karo ba kuɗi ya tsare ƙasidar ba. Karatun kaɗai ba zai haifar da allurar da ba a ƙera ba, amma abin ya nuna cewa buɗe ƙofa daban, shigar da kaya gari daban. Ƙasida da ke kwance a intanet da Ingilishi, ga ma'aikacin da ya yi karatunsa da Faransanci, yake aiki da Hausa, yake cajin talho da faranti mai hasken rana, yake sayen megabit daga albashinsa, ba ta da maraba da buhun hatsi da aka ajiye a tashar Kwatanu aka ce kyauta ne, kowa ya zo ya ɗauka.

Yanzu an samu sabuwar allura mai kare iri biyar, A da C da W da X da Y, wadda OMS ta amince da ita a 2023, Nijeriya da Nijar suka fara aiki da ita a 2024. Irin X ɗin nan, a kwalaben Nijar aka fi ganin ƙarfinsa, lokacin annobar Yamai ta 2006, kuma lissafin CERMES na cikin hujjojin da suka nuna bukatar a sa shi. Ke nan ruwan bayan 'ya'yanmu ya riga ya biya duniya haƙƙinta. Abin da ya rage shi ne a biya su nasu, kuma mafi yawan abin da ake bukata ba ya neman tallafin kowa.

Kwamitin ƙasa da ke ba da izinin bincike kan lafiyar ɗan Adam yana da iko a hannunsa wanda ba na jin ana amfani da shi yadda ya kamata. Babu mai ɗibar jini ko ruwan baya don bincike sai da sa hannunsa. To, ya sa sharaɗi cikin takardar izini: sakamakon ya fito a buɗe, a ajiye kwafi a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, a kuma rubuta taƙaitawa ta shafi biyu da Faransanci mai sauƙi wadda za ta bi hanyar da kwalabe suka bi, amma a juye, daga Yamai zuwa jaha, zuwa gunduma, zuwa hannun majo. Masu ba da kuɗin bincike na Turai sun ɗora wa masanansu sharaɗin buɗewa tun 2021, babu wanda ya ce sun yi rashin kunya, balle mu da muke ba da jikinmu. Shugabannin likita na gunduma, a taron da suke yi da ma'aikatansu, su ware rabin awa a karanta ƙasida guda a tattauna. Ɗaliban jami'ar Maraɗi da ke jin Ingilishi, ga aikin da ya fi kwafar tsofaffin kundaye: fassara. Gidajen rediyon karkara kuma, maimakon sanarwar ranar lamba kaɗai, su gayyato lokotoro ya bayyana da Hausa abin da aka gano a Madarunfa, har da kashedin da ke ciki.

Ga shugabannin kumin ɗin Issawane, da kwamitin da ke kula da likita, da 'yan kasuwar da ake zuwa wurinsu neman gudummawar man mota idan annoba ta taso, akwai tambaya mai sauƙi da suke da haƙƙin yi a rubuce kafin ruwan bana ya sauka: kwalba nawa aka aika daga kumin ɗin nan a ranin da ya wuce, nawa aka maido da sakamakonsu, kuma wane iri aka samu a ciki? Amsar tana nan cikin rajista a Mayahi da Maraɗi da Yamai, kuma da ita ne za a san ko allurar da aka yi wa yaran ƙauye ta dace da ƙwayar da ke yawo a maƙogwaronsu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.